Yadda za ka buɗe tsohuwar kalkuletar tebur ka fahimci cikinta: misalin Sharp QT-8D

Idan tsohuwar kalkuletar tebur ta faɗo hannunka, irin mai igiyar wuta da lambobi masu haske kore ko ruwan lemo, abin da zuciya za ta fara raya maka shi ne ka soka filogi ka ga ko tana da sauran rai. Kada ka yi. Na'urar da ta shekara hamsin a ajiye, kayan da ke tace mata wuta sun tsufa, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa wutar da ba a tace ba ta ƙona IC ɗinta, wato ƙananan kayan lantarki masu ƙafafu da yawa da aka dunƙule tarin tiransista a cikinsu, waɗanda babu mai ƙera irinsu a yau. Kusan komai na cikinta ana iya gyarawa ko a musanya, ban da waɗannan IC ɗin da kwalaben da ke nuna lamba. Shi ya sa aikin yake da jeri: a fara da wuta, a bi da agogo, sannan allon nuni da maɓallai, lissafi kuwa shi ne na ƙarshe.

Na ɗauki Sharp QT-8D ta shekarar 1969 a matsayin misali domin cikinta ba shi da cunkoso, ido yana iya rarrabe kowane sashe, kuma abin da mutum ya koya a kanta zai yi masa amfani a yawancin kalkuletocin tebur na shekarun 1970.

Ka fara gane zamaninta

Kafin ka taɓa sukudireba, ka san da wace iri kake mu'amala, domin haɗarin kowace daban ne. ANITA da aka fitar a Ingila a 1961 da kwalaben lantarki take aiki. Sharp CS-10A ta 1964 tiransista ce zalla, nauyinta kilo 25, kuɗinta yen 535,000. Friden 130 ta Amurka tana nuna lambobi a kan gilashi irin na tsohon talabijin, tana kuma ajiye su a cikin doguwar wayar ƙarfe da aka naɗe, inda suke tafiya a matsayin girgiza daga wannan baki zuwa wancan. Casio AL-1000 ta 1967 tana da kwalaben Nixie da ma'ajiya ta ƙananan zobban maganaɗisu. Waɗannan duka alluna ne jere-jere cike da ɗaruruwan kaya.

QT-8D ita ce ta karya wannan tsari. Kamfanin, wanda a lokacin sunansa Hayakawa Electric kafin ya koma Sharp a 1970, ya ƙulla yarjejeniya da North American Rockwell na Amurka ta hannun injiniyan Hayakawa, Tadashi Sasaki, aka dunƙule dukan lissafin a cikin manyan IC guda 4. Na'urar ta dawo abin ɗauka da hannu ɗaya, farashinta ya sauko zuwa yen 99,800. Bayan shekara biyu, a 1971, kalkuletar Busicom 141-PF ta fito da IC mai suna Intel 4004 a cikinta.

Launin lambobin zai gaya maka abu mai muhimmanci. Idan ruwan lemo ne, kuma kana hango lambobin waya a jere ɗaya bayan ɗaya cikin kwalba, Nixie ce, akwai wajen volt 170 zuwa 180 a ciki, wanda zai iya jijjiga ka sosai. Mai gilashin talabijin kuwa tana ɗauke da dubban volt, kuma ban ba wanda bai taɓa gyaran tsohon talabijin ba shawarar ya sa hannu a cikinta. Idan kore ne mai sirkin shuɗi kamar na QT-8D, ƙarfin wutar nunin 'yan gomomin volt ne kawai, amma ɓangaren da igiya ke shigowa yana nan da haɗarinsa.

Takardar da ke bayanta

Juya ta ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta. Wadda aka yi don kasuwar Japan volt 100 take ci, ta Amurka 115 zuwa 120, ta Turai 220 zuwa 240. Wutar Najeriya 230 ce, ta Nijar 220, don haka ta Japan ko ta Amurka ba za ta sha soket ɗinmu kai tsaye ba, sai da tiransifoma mai rage wuta. Wasu suna da ɗan maɓallin zaɓen wuta a baya ko a ƙasa, ka tabbata inda yake nuni. Akwai kuma maganar saurin kaɗawar wuta: tamu sau 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma tiransifomar da aka naɗa don 60 kaɗai takan fi ɗaukar zafi a kan 50. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka da inbata mai arha da ke sa tiransifoma gunji, duk ka nisanta ta da su.

Buɗewa

A nan akwai abin da ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashe masu danshi. Lokacin hunturu, idan iska ta bushe, ka san yadda mutum kan taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar roba ya ji tartsatsi ya tsunkule shi. Wannan tartsatsin dubban volt ne, kuma IC ɗin wancan zamani, waɗanda ake kira MOS, shimfiɗar da ke raba ƙofar tiransistocinsu siririya ce ƙwarai, tartsatsin da ko jinsa ba ka yi ba yana iya huda ta. Ka yi aikin a kan teburin katako marar ledar roba, ka sa tufafin auduga, ka ɗaura abin hannu mai wayar ƙasa idan kana da shi. Idan babu, ka riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka kai hannu ga allo, kuma ka riƙe allon ta gefe. Da za ka iya jinkirta aikin zuwa damina, ya fi.

Cire filogi, kwance sukurorin ƙasa, ka ɗaga murfin a hankali domin sau da yawa akwai wayoyi tsakanin maɓallai da allo. Kafin ka zare komai ka ɗauki hoto da wayarka, daga sama da kowane gefe, musamman inda wayoyi masu launi suka shiga da kuma yadda kowace kondensa ta fuskanta. Kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi. Datti mai maiƙo a goge shi da sifirit da auduga. Fetur da tina suna cin roba da rubutun maɓallai, kada su kusance ta.

Yanzu ka tsaya ka duba kawai. A QT-8D za ka ga IC huɗu manya, kowanne da ƙafafu 42 da aka jera a karkace, dogo da gajere, don su samu wuri a kan allo. Lambobinsu NRD2256, DC2266, AU2271 da AC2261. Na farko shi ke karɓar lamba daga maɓalli yana kuma kula da nuni, na biyu shi ke bin sawun ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, na uku shi ke tarawa da ɗebewa, na huɗu shi ke tsara abin da zai biyo bayan wani. Kusa da su akwai ƙaramin IC na biyar wanda aikinsa bugun agogo. Sai jerin kwalaben nuni, sai sashen wuta mai tiransifoma da manyan kondensa. Ka nemi alamar ƙuna, kondensar da ta kumbura ko ta yi yoyo ta bar farin gari, wayar da ɓera ya ci, da dalmar da ta tsage a gindin ƙafa. Hanci ma yana aiki: tiransifomar da ta taɓa ƙonewa warinta ba ya ɓoyuwa.

Sashen wuta, inda rabin aikin yake

Tsarinsa a irin waɗannan na'urori kusan ɗaya ne. Tiransifoma ta rage wutar, dayod su mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya, babbar kondensa ta lallashe ta, sannan wani dayod na musamman da ake kira zena tare da tiransista ɗaya su tsayar da ita a daidai ƙarfin da IC ke buƙata. Akwai kuma wani naɗi na daban mai ƙaramin ƙarfi wanda ke ɗumama zaren cikin kwalaben nuni.

Ga abin da ke rikita wanda ya saba da kayan yau. IC ɗin wancan lokaci nau'in PMOS ne, wutar da suke ci ta ƙasa da sifili ce, wato ɓangaren mai alamar tarawa shi ne haɗe da ƙasa. Idan ka ɗora baƙar wayar mitar auna volt a ƙasa ka ga tana nuna alamar ɗebewa da volt goma sha wani abu ko ashirin da wani abu, ba lalacewa ba ce, haka aka tsara. Wannan kuma yana nufin manyan kondensa ƙafarsu mai alamar tarawa ce ke zuwa ƙasa. Duk wanda ya sa sabuwa bisa al'adar da hannunsa ya saba, zai sa ta a juye, ta yi zafi ta fashe. Hoton da ka ɗauka tun farko, nan ne ranarsa.

Ba tare da wuta ba, auna fiyus da igiya da maɓallin kunnawa da naɗin farko na tiransifoma. Auna kowane dayod, ya bar wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Sannan ka mai da hankali ga tiransistan da ke daidaita wuta: idan ƙafafunsa biyu da wuta ke ratsawa sun haɗe, to duk ɗanyen ƙarfin da ke bayansa zai wuce kai tsaye zuwa IC. Wannan ita ce lalacewar da ta fi kowace tsada, kuma mita tana gano ta cikin minti ɗaya.

Game da kondensa masu ruwa a ciki, ra'ayina shi ne a canza na sashen wuta duka. Akwai masu tara kayan tarihi da ke son a bar komai yadda ya fito daga masana'anta, kuma na fahimci dalilinsu, amma ruwan cikin kondensa yana bushewa da shekaru, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan. Ka sa mai girma ɗaya ko kusa da shi, mai jure volt daidai ko sama da na tsohuwar. Tsofaffin ka zuba su a leda ka ajiye tare da na'urar. Kafin ka taɓa kowace babbar kondensa ka sauke cajin da ta riƙe ta hanyar rizista, kada ka haɗa ƙafafunta da bakin sukudireba. Ƙarfen narka dalma kuma ya zama mai wayar ƙasa, domin masu arha sukan yi yoyon wuta ta baki. Idan mai arha kaɗai gare ka, bari ya yi zafi, ka zare shi daga soket, sannan ka taɓa allon.

Idan tsarin na'urar ya ba da dama a raba sashen wuta da allon lissafi, raba su, ka gwada wutar ita kaɗai. Kunnawar farko a yi ta ta cikin ƙwan fitila: ka yanke waya ɗaya ta igiyar gwaji ka saka ƙwai mai zare na wat 15 ko 25 a tsakani, yadda duk wutar da za ta shiga na'urar sai ta bi ta cikinsa. Dole ya zama tsohon ƙwai mai zare, na LED ba ya wannan aiki. Idan komai lafiya, ƙwan zai ɗan yi ja ya dushe ko ma ya ƙi kamawa, tunda kalkuleta irin wannan 'yan wat kaɗan take ci. Idan ya haska ya tsaya da haske, akwai inda wuta ta haɗe, kashe nan take. Ka auna abin da ke fitowa. Wutar da ba a ɗora mata kaya ba takan ɗan haura, amma wadda ta bi ta zena ya kamata ta tsaya cak. Sai ka gamsu da wannan za ka mayar da allon lissafi.

Agogo, da yadda take lissafi

Wannan sashe ne ya fi burge ni a ƙirar, kuma fahimtarsa ita ke sa mutum ya daina canke a wajen gyara. IC ɗin Rockwell ba sa riƙe lamba a zaune wuri ɗaya. Kowane ɗigon bayani, wato 0 ko 1, ɗan caji ne ƙanƙane da ke zaune a ƙofar tiransista, kuma yana tsiyayewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Don kada ya ɓace, ana tura shi gaba zuwa ɗaki na gaba, a sabunta shi, a sake turawa, har ya kai ƙarshen layi ya dawo farko. Lambar da kake gani tsaye a fuskar na'urar, a ciki zagaye take yi ba tsayawa. Abin da ke ba da umarnin kowane taku shi ne agogo, kuma tsarin Rockwell bugu huɗu ne masu bin juna a kowane zagaye. Wannan dabara ce ta rage yawan tiransista da cin wuta har lissafin ya shiga IC huɗu. Sakamakonta kuma shi ne idan agogo ya tsaya, komai ya tsaya, na'urar ta zama kamar matacciya alhali manyan IC ɗin lafiyarsu ƙalau.

Osiloskof, na'urar da ke zana kaɗawar wuta a fuskarta, shi ne ke nuna bugun a fili. Idan ba ka da shi, mita mai auna saurin kaɗawa za ta nuna maka dubban bugu a daƙiƙa a ƙafafun ƙaramin IC ɗin. Ko mita ta gama-gari tana ba da alama: ƙafar da ke bugawa takan nuna ƙarfi tsaka-tsaki, wadda ta tsaya kuwa takan manne a sifili ko a cikakken ƙarfi. Ka kula ƙwarai kada bakin mita ya zame ya haɗa ƙafafu biyu.

Kowace lamba daga 0 zuwa 9 ana rubuta ta da ɗigo huɗu masu darajar 8, 4, 2 da 1. Bakwai ita ce 0111, biyar 0101. Injin tarawa guda ɗaya ne tak, yana karɓar ɗigo ɗaya daga kowace lamba a kowane taku, daga mafi ƙanƙanta. Tara 0111 da 0101 ka samu 1100, wato 12, wadda ta wuce 9, ba ta da gurbi a gida ɗaya. Sai da'irar ta ƙara 6, wato 0110, sakamakon ya zama 0010 da ɗaya a hannu: a rubuta 2, a kai 1 gida na gaba, daidai yadda ɗan firamare ke yi a allo. Ninkawa tarawa ce a kai a kai tare da gusawa gida ɗaya: 123 sau 45 na nufin a tara 123 sau biyar, a gusa, a tara sau huɗu. Rabawa kuma ɗebewa ce a kai a kai ana ƙirga sau nawa ta yiwu. Shi ya sa a tsofaffin na'urori za ka ga lambobi sun ɗan yi rawa kafin amsar babban lissafi ta fito.

Kwalaben nuni

Kwalaben QT-8D na kamfanin Ise Electronics ne na Japan, masu suna Itron. A cikin kowace akwai siririn zare da ake ɗumamawa ya saki lantarki, da raga a gabansa, da gutsattsarin faranti da aka shafa wa sinadari mai haske idan lantarki ya buge shi. Gutsattsarin nan lanƙwasassu ne, shi ya sa lambobinta suke kama da rubutun hannu. Sifilinta rabin tsayin sauran lambobi ne, kuma tana cika guraben hagu da ba kowa da waɗannan ƙananan sifilai. Wanda bai sani ba zai ɗauka rabin kwalbar ya mutu.

Lambobin 8 ba a lokaci ɗaya suke kamawa ba. Ana kunna ragar kwalba ɗaya, a aika mata siffar lambarta, a kashe, a wuce ta gaba, da saurin da ido ba ya rarrabewa, kamar yadda yaro kan juya itace mai bakin wuta da dare ka ga da'irar haske alhali garwashi ɗaya ne. Tunda gutsure iri ɗaya na dukan kwalaben waya ɗaya suke rabawa, siffar matsalar tana nuna inda take. Idan gutsure ɗaya ya ɓace a kowace lamba, laifin na layin wannan gutsuren ne ko abin da ke tura shi. Idan kwalba ɗaya ce ta yi duhu gaba ɗaya, duba ragarta da zarenta. Idan duka sun yi duhu, koma ga wutar zare da agogo. A ɗaki mai duhu za ka iya hango zaren yana ɗan ja kaɗan, kuma bai kamata ya wuce haka ba. Idan kuwa kwalba ɗaya ta haska fiye da kima sauran suka mutu, zagayen ya tsaya a kanta, kashe da sauri kafin ta ƙone. Kwalbar da tabon azurfa na cikinta ya koma fari, iska ta shige ta, ba ta da magani.

Maɓallai

Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan maganaɗisu, kusa da shi kuma ƙaramar kwalba mai harsunan ƙarfe biyu a ciki. Idan ka danna, maganaɗisun ya matso, harsunan su haɗu. Tunda a rufe suke cikin gilashi, ƙura da tsatsa ba sa kai musu, kuma da wuya su lalace. Ka sa mita a inda take yin ƙara idan waya ta haɗe, ka danna kowanne ka ji. Wanda ya manne a haɗe yakan hana sauran duka aiki. Yawanci matsalar tsohon maiƙo ne da ya daskare a sandar maɓallin, sifirit ya ishe shi. Kada ka lanƙwasa ƙafar kwalbar a gindinta, gilashin yana tsagewa.

Gwajin lissafi

Maɓallan QT-8D 15 ne kacal, kuma sai ka san halinsu kafin ka yanke mata hukunci. Ninkawa da rabawa maɓalli ɗaya suke rabawa, mai alamar ×÷, kuma maɓallin da ka rufe da shi ne ke zaɓa. Danna 6, ×÷, 7, += ka samu 42. Danna 6, ×÷, 3, −= ka samu 2. Ɗebewa kuma irin ta injin akanta ce, alamar tana zuwa bayan lamba: 9, +=, 4, −= ya ba da 5.

Fara da C. Shigar da 1, 2, 4 da 8 ɗaya bayan ɗaya, domin kowace tana gwada ɗigo ɗaya daga cikin huɗun nan. Idan 4 ta fito 0, 5 ta fito 1, 6 ta fito 2, ka san layin ɗigon 4 ne ya yanke, kuma sau da yawa tsagaggiyar dalma ce ko dattin mahaɗa. Shigar da 12345678 ka ga ko lambobi suna gusawa hagu daidai. Tara 1 a kan 9999999 ka ga ɗayan hannu ya ratsa dukan gidaje. Ninka 12345679 da 8, amsar 98765432 ce. Raba 1 da 3 don gwada ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Bar ta a kunne rabin awa, ka taɓa tiransifoma bayan ka cire filogi, ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa laifi ne. Sannan ka maimaita gwajin, domin akwai dalmar da sai ta ɗumama take buɗewa.

Sai wuta ta tabbata, agogo yana bugawa, mahaɗai suna da tsabta, an sake narka duk dalmar da ake zargi, sannan ya halatta a tuhumi ɗaya daga manyan IC. Idan ta kai ga haka, hanyar da ta rage ita ce samun wata matacciyar na'ura a ciro daga jikinta. QT-8B mai batir ta 1970 da ƙaramar EL-8 da ta biyo bayanta da jerin IC iri ɗaya suke aiki, don haka kowace daga cikinsu tana iya ba da gudummawa. Cire IC mai ƙafa 42 daga tsohon allo yana buƙatar abin zuƙe dalma da haƙuri, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ana barin wurin ya huce a tsakani, domin layukan tagulla na allunan wancan zamani suna saurin ɓarewa idan zafi ya yi musu yawa.